Lemon Tsami a Bayan Riga

Shekara talatin da ɗaya a Marsala,
tagarmu na kallon teku da filin gishiri,
ni Nunzia, ina kwana kusa da injin jirgi.
Ba jirgi ba ne. Gaspare ne da minshari.

Yakan fara a hankali, kamar kyanwa ta ƙoshi,
sai ya koma zarto a kan itace mai tauri.
Murfin taga ya ɗauki rawa,
kare ya bar bakin ƙofa ya sake wuri.
Tsohuwa Agata ta daki bango da sanda,
da safe a kasuwar kifi ta harare ni,
ta ce, "A gaida mai niƙan daren gari."

Na gwada gwiwar hannu, na gwada fito,
na cusa auduga a kunne, duk a banza.
In na tashe shi ya ce, "Ni? Ai idona biyu."
Mai abin shi ne ƙarshen jin labari.

Sai na zauna na karance shi kamar darasi.
In ya kwanta rigingine, harshe ya zame baya
ya tare wa iska hanya.
In ya juya gefe, ɗaki ya yi tsit.
Na tsinko lemon tsami ɗanye a bayan gida,
na ɗinke shi a gadon bayan rigar barcinsa,
zare biyu, ƙulli uku, da ɗaya na ƙari.
Daren farko ya mirgina, ya zabura,
ya zagi lemo da wanda ya dasa shi,
sannan ya kwanta ta haƙarƙari.

Ɗanmu Saro ya kawo bulo biyu,
muka ɗaga ƙafafun gado ta wajen kai.
Ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri,
ya shaƙa, ya fyace, kafin ya kwanta.
Ran da mura ta zo, turirin na'a-na'a,
tawul a ka, yana gunaguni yana tari.

Yaƙin gaske a kan tebur aka yi shi.
Kofin giyar inabi bayan taliya,
wanda ubansa ya sha, kakansa ya sha,
na ce na dare dai a bari.
Kwana tara yana amsa mini da hanci.
Taliya ta koma rabin faranti,
cin dare ya dawo da wuri,
muka riƙa taka ƙafa in rana ta faɗi,
daga ƙofar coci har tudun gishiri,
har bel ɗinsa ya nemi sabon huji.
Ya huda da ƙusa a bayan ƙyaure,
yana ɓoye murmushi kamar sirri.

Likita ta tambaye ni, ba shi ba:
"Numfashinsa na ɗaukewa? Yana farkawa a shaƙe?"
Na ce a'a. Ta ce, "Ran da kika ji haka,
ki ajiye lemo, ku zo da sauri."

Jiya na farka ƙarfe uku na dare.
Ba zarto, ba inji. Agogo kawai, da teku.
Ashe teku na magana a ƙofata
shekara talatin, ban taɓa ji ba.
Gabana ya faɗi.
Na kai bayan hannu kusa da hancinsa,
iska mai ɗumi ta taɓa ni, ta koma, ta dawo.
Na bar hannun a nan har gari ya yi fari.

Da safe ya ce, "Kin yi barci?"
Na ce, "Kamar dutse."
Na ɗauki rigar zan wanke, lemon ya bushe,
ya ƙanƙance, ya yi baƙi kamar tsohon goro.
Ga sabo a kan tebur, ga allura, ga zare.
Na daɗe a tsaye da almakashi a hannu:
in ɗinka, ko yau ɗaya in bari?